Gero, Wake da Zogale: Lafiyar da Ke Cikin Tukunyar Gida

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 sukutum domin gero da danginsa, bayan ƙasar Indiya ta gabatar da ƙudurin. Kafin nan, a 2016, wake da danginsa ne suka sami irin wannan karramawa. Abin da duniya ta taru tana yabo shi ne abin da ke cike da rumbunanmu tun kaka da kakanni. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar tana biye da ita, kuma dukkansu biyu suna cikin manyan masu noman gero. Duk da haka, a biranenmu an fara kallon tuwon gero da miyar kuka a matsayin abincin wanda ba shi da hali, farar shinkafa da taliyar leda da lemon kwalba kuwa su ne alamar wadata.

Wannan sauyi yana zuwa ne a lokacin da jikinmu ya fi bukatar abin da muke gudu. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma a Arewa maso Yamma adadin ya haura rabi. Fiye da rabin matan da ke shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini. A gefe guda kuma hawan jini da ciwon suga suna ta yaɗuwa. Talauci yana da babban kaso a cikin wannan matsala, amma akwai gidaje da yawa da ake ƙoshi kullum, jiki kuwa bai sami abin da yake nema ba.

Mu fara da gero. Ƙwayarsa tana da sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi, da zinki mai taimakon girman yara da garkuwar jiki. Yawancin wannan alheri yana jikin dusa da ɓangaren da ke kusa da ita, don haka duk lokacin da aka tsananta surfe har ƙwaya ta yi fari fat, dabbobi aka ba mafi amfanin. Dusar da ta rage a gari tana sa abinci ya narke a hankali, suga ba ya hauhawa a jini lokaci guda, hanji kuma yana aiki yadda ya kamata. Masu bincike ma sun gane darajar wannan hatsi: a 2018 an fitar da wani irin gero mai suna Chakti a Nijar, wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta inganta domin ya ƙunshi ƙarin sinadarin ƙarfe.

Hatsi shi kaɗai ba ya gina jiki yadda ake so, domin furotin ɗinsa yana da ƙarancin wani ɓangare da ake kira laisin. Wake yana da laisin da yawa, shi kuma yana da ƙarancin wani ɓangaren da hatsi ke da shi. Idan suka haɗu a kwano ɗaya, kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa. Ke nan koko da ƙosai, da shinkafa da wake, da fura da nono, haɗi ne mai ma'ana da iyayenmu suka gano tun kafin a buɗe ɗakin bincike. Ga gidan da nama ya yi wa tsada, wake da gyaɗa da awara da daddawa su ne madogara.

Sai ganye. Zogale yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare ido da fata da garkuwar jiki, haka ma kabewa da alayyahu da rama. Ganyen kuka yana da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi. Bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, shi ya sa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa ya fi ganyen da aka ci gaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa kowace rana. Ba sai an nemi tufa ko inabi daga waje ba. Mangwaro a lokacinsa, gwaiba, gwanda, kankana, goruba, kanya da magarya duk suna cikin lissafi.

Yadda ake sarrafa abinci ma yana da tasiri. Hatsi da wake suna da wani sinadari da ke riƙe ƙarfe da zinki ya hana jiki ɗauka. Jiƙawa, da barin gasara ta yi tsami, da tsirar da hatsi kafin niƙa, duk suna rage shi. Bitamin C yana ƙara wa jiki ikon ɗaukar ƙarfen da ke cikin tsirrai, don haka matsa lemon tsami a kan kwaɗo ko yanka ɗanyen tumatir a kan wake yana da fa'ida ta gaske. Shayi kuwa yana rage wannan ɗauka, saboda haka mace mai ciki ko mai ƙarancin jini gara ta jinkirta shi zuwa bayan abinci da ɗan lokaci. Yawan kanwa da daɗewar ganye a kan wuta suna lalata wasu bitamin.

Abu biyu ne ke ɓata wannan kyakkyawan abinci: gishiri da suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen ɗanɗano yana ɗauke da gishiri mai yawa, kuma sau da yawa akan jefa da dama a tukunya sannan a ƙara gishiri. Daddawa da citta da tafarnuwa da albasa suna ba miya armashi ba tare da wannan haɗari ba. Game da suga, iyakar da aka ba babba ita ce kimanin giram 50 a rana, kuma kwalbar lemo mai rabin lita tana iya kai wannan adadi ita kaɗai. Zoɓo da kunun aya da fura ma, idan aka labta musu suga, sun koma sahun lemon kwalba.

Wajibi ne kuma a faɗi gaskiya game da masu tallan cewa zogale yana warkar da kowace cuta. Zogale abinci ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin maganin hawan jini ko na ciwon suga. Wanda likita ya ɗora a kan magani ya ci gaba da sha, ya gyara cimarsa tare da shawarar ma'aikatan lafiya.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gyaran da ake bukata bai fi ƙarfin yawancin gidaje ba: a sassauta surfe, a haɗa hatsi da wake, kada a rasa ganye a tukunya, a rage dunƙule da suga. Maigida ya tuna da wake da ganye a kuɗin cefane, uwargida kuma ta saba wa yara da kunun gyaɗa da dambun zogale tun suna ƙanana, domin abin da harshen yaro ya saba da shi, shi zai nema idan ya girma.