Soson Da Ke Tsare Ran Inji

Duk wanda ya zaga fadamun Haɗeja ko gonakin Kadawa da rani, zai ji kukan injunan ban ruwa tun fitowar rana har faɗuwarta. A cikin gari kuwa ga janareta, ga injin markaɗe. Amma abin tausayi, da yawa cikin waɗannan ƙananan injuna su kan mutu tun ba su fanshe kuɗinsu ba. In ka tambayi mai shi, sai ya ce kayan zamani ne ba su da ƙwari. Alhali kuwa sau da yawa laifin yana ga wani ɗan soso da bai fi tafin hannu ba, wanda a ke sakaci da shi.

Inji yana numfashi kamar mutum. Kafin ya ƙona lita 1 ta fetur, sai ya shaƙi iska wajen lita 9,000, watau cikin durum 45. Duk iskar nan ta cikin soson ta ke bi kafin ta isa kafireto. To, noman rani kuwa ya zo daidai da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iska ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta lulluɓe mu da hazo. A cikin ƙura akwai ɓarɓashin yashi wanda ya fi ƙarfen silinda tauri. In ya sami hanya ya shiga, sai ya yi ta gurzar silinda da zobban fistin, har inji ya soma shuɗin hayaƙi, yana shan mai, ƙarfinsa na raguwa.

Busasshen soso manyan ƙwayoyin ƙura kaɗai ya ke tarewa. Man da a ke shafa masa shi ne tarkon, don shi ke kama masu laushin su manne. In kuma datti ya toshe shi, iska ta kan yi kaɗan, fetur ya yi yawa, sai baƙin hayaƙi, fulogi ya yi kunkunniya, kuɗin mai ya ƙaru. A nan ne waɗansu ke cire soson su jefar, su ji inji ya wartsake, su yi murna. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Ga yadda a ke gyaransa. Da farko a kashe inji, a bari ya huce, a zare kan fulogi. A goge murfin akwatin soson tun ba a buɗe ba, don kada datti ya zuba ciki. A fid da soso a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗauraye har ruwa ya fito garau. A matse shi cikin tafin hannu, kada a murɗe kamar wanki, domin murɗawa na yaga shi. Kada kuma a wanke da fetur, gama tartsatsi guda ya isa ya ta da gobara.

Sa'an nan a shanya a inuwa har ya bushe sarai. Bayan haka a zuba masa sabon baƙin mai, kamar cokali 1 ko 2, a mulmula har ya game ko'ina, a naɗe cikin tsumma mai tsabta a matse rarar. Ya zama da danshin mai, amma ba ya ɗiga, don in ya yi yawa inji zai yi hayaƙi wajen tashi. Man juye ba ya yi, shi kansa datti ne. A goge cikin akwatin da ɗanyen tsumma, a mai da soso ya zauna daram, ba kafa ko kaɗan a gefe. Wanda ya yage ko ya soma marmashewa, sai a sake sabo.

A lura, waɗansu injuna matacinsu na takarda ne. Wannan ba a wanke shi, ba a sa masa mai, sai dai a kakkaɓe a hankali ko a canja. In soso ne a naɗe bisa takardar, sai a bi abin da littafin injin ya faɗa.

Kamfanin Honda ya ce a tsabtace matacin injinsa GX160 kowane wata 3 ko awa 50 na aiki, Briggs & Stratton kuwa ya ce awa 25 ga soso mai mai. Dukansu sun ƙara da cewa a yawaita in wurin na da ƙura. Manomin da ke ban ruwa awa 8 kullum zai cika awa 25 cikin kwana uku da 'yan kai. Saboda haka da hunturu ya kyautu a duba soso kowace safiya, a kuma tanadi guda biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shanya.

Ina roƙon malaman makaranta su nuna wa yara wannan aiki da hannu, su kai shi gida ga iyayensu. Sabulu kaɗan da cokalin mai sun fi kai inji gareji a tsakiyar rani, tumatir na ƙuna a gona. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa mu gane.