Ibada ba ta ƙarewa a ƙofar majami'a

A ranakun 16 da 17 ga watan Janairu na shekarar 2015, masu zanga-zanga sun cinna wa majami'u da dama wuta a Damagaram da Yamai. Rufi ya zube, kujeru da littattafai suka zama toka. Amma ibadar Kiristocin Nijar ba ta ƙone ba, domin a wurinsu ba gini ne ke riƙe da ita ba.

Gaskiya ne Lahadi ce ranar taruwa domin waƙoƙi, addu'a, baiko da karatun Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa da Hausa tun 1932. Sai dai bisa koyarwarsu, sauran kwana shida na mako su ma na Allah ne. Ɗan kasuwar da ya cika tiya bai tauye ba, ibada yake yi. Haka ma ma'aikacin gwamnatin da ya sa hannu ga takardar talaka bai nemi na goro ba.

Shaidar wannan tana Galmi, cikin jihar Tawa, inda mishan ta SIM ta buɗe asibiti a 1950. A can, wankin gyambo da karɓar haihuwa aikin Allah ne, ko da yake galibin majinyatan Musulmi ne. Haka nan a Danja, kusa da Maraɗi, wurin jinyar masu ciwon kuturta.

An sake gina da yawa daga majami'un da aka ƙona. Amma maƙwabci ba ya auna Kirista da tsawon gininsa. Da cikar alkawarinsa ranar Litinin yake auna shi.