Yadda Muka Harhaɗa 'Yar Motar Ford ta 1912

Tun ran da muka ajiye 'yar motar nan a ɗakin karatu, 'yan'uwa da malamai ba su daina tambayarmu abu biyu ba: yaya muka yi ta, kuma don me ta ke shuɗiya, alhali kowa ya san tsohuwar Ford baƙa ce. To, ga amsa, don waɗanda za su gaje mu a ƙungiyar aikin hannu kada su ɓata abin da ba shi da madadi.

Motar da muka kwaikwaya ita ce wadda a ke kira Model T. Henry Ford ya fara ƙera ta a Amurka cikin shekara ta 1908, ba a daina ba sai 1927, bayan an yi fiye da miliyan 15. Kamfanoni irin su Airfix a Ingila da Revell a Amurka su kan zuba siffar irin waɗannan motoci da roba mai tauri, gunduwa-gunduwa, su sa a kwali tare da takardar bayani. Tamu ta shekarar 1912 ce, a jikin kwalin kuwa an rubuta 1:32.

Wannan lamba ita ce uwar aikin duka. Ma'anarta, ko wane inci ɗaya a jikin 'yar motar yana tsaye ne a madadin inci 32 na babbar. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya a Model T inci 100 ne. In ka raba da 32, sai ka sami inci 3 da ɗaya bisa takwas. Muka auna tamu, muka tarar haka ɗin ne. Amma abin da ba mu lura da shi ba da fari shi ne, lissafin nan yana tafiya gaba da baya. Yadda ya ke rage babba, haka ya ke ƙara ƙarami. Fentin da kaurinsa bai wuce ɗaya bisa 64 na inci ba, wanda ido ba ya ko kula da shi a jikin ƙofa, a kan 'yar motar daidai ya ke da yaɓen rabin inci. Ɗigon gam kamar ƙwayar gero kuwa ya zama curi kamar ƙwan kaza. Wanda ya riƙe wannan, sauran bayanin duk zai zo masa da sauƙi.

Kayan aikin ba su da yawa: reza, da sanfefa mai laushi, da matsefata, da tsinken sakace, da burushi biyu ƙanana. Gunduwoyin su kan zo a manne da wani reshe na roba. Kada a murɗe su, gama su kan tsage. A yanke da reza, sa'an nan a kankare layin da ya ke fitowa inda bakin mazubin biyu suka haɗu. A wanke su da ruwan sabulu, don maiƙon da ke jikinsu ba ya barin fenti ya kama. Kana a gwada ko wace gunduwa a mazauninta tun ba a sa gam ba.

Gam ɗin nan ba irin na takarda ba ne. Narkar da fuskar robar ya ke yi, har guda biyun su zama ɗaya, saboda haka abin da ya kama ya kamu ke nan. Da bakin tsinke a ke ɗibarsa. Ba ya cin fenti, sai an kankare wurin tukuna, kuma in ya taɓa gilashin gaba sai ya dushe shi har abada. Can sai farin gam na kafinta. Ƙashin motar muka fara haɗawa, da muka sa ƙafafun sai muka ɗora ta bisa gilashi tun gam bai ƙame ba, muka daidaita har huɗun duka suka taka.

Yanzu sai maganar launi, inda muka yi tuntuɓe. Mun ji an ce Ford ba ya sayar da mota sai baƙa, ba mu bincika ba, muka shafe bodin da baƙin fenti, kuma da kauri, don muna ɗokin mu gama kafin hutu. Da gari ya waye layukan ƙofa sun nutse, kuma ƙurar hunturu ta zauna a kai kamar an barbaɗa gari. Malaminmu ya duba, bai ce kome ba sai, "Wace shekara ce motar taku?" Ashe dokar baƙin fenti daga 1914 ta fara, ta kai 1925. Kafin nan an yi ja, da kore, da ruwan toka, da shuɗi. Ta 1912 kuwa shuɗi ce mai duhu ƙwarai, kusan irin na rawani ɗan Kura, murafun tayoyinta ne baƙaƙe. Kwali ɗaya gare mu, ba wani bodi a ajiye. Kwana uku muka yi muna cire fentin a hankali, zuciya na ɗar-ɗar, don kada mu haɗa da ƙusoshin da aka zana a jikin robar. Muka sāke, wannan karo da fenti tsararo, shafa uku, ko wace shafa sai ta kwana a ƙarƙashin kwano kife.

Shekarar ce kuma ta faɗa mana sauran ado. Lagireton 1912 na tagulla ne, ba a koma baƙin ƙarfe ba sai cikin 1916. Fitilun gaba na iskar gas ne, na gefe na kananzir, su ma tagulla, gama na lantarki ba su zo ba sai 1915. Ba maɓallin tashin inji sai 1919, saboda haka dole ƙarfen nan da a ke murɗawa da hannu ya kasance a gaba. Sandunan ƙafa goma sha biyu ne, na itace. Matakai uku ne a ƙasa, na giya, da na ribas, da na birki, totur kuwa a jikin sitiyari ya ke. Wani daga cikinmu ya so ya ƙara mataki na huɗu, wai don ta yi kama da mota; muka hana shi.

Abu ɗaya muka musanya. Sandunan da ke riƙe gilashin gaba sun yi kauri, don roba ba ta zubuwa siririya ainun ba ta karye ba. Da muka ninka kaurinsu da 32, sai muka ga sun kusa taɓarya. Muka cire su, muka warware tsohuwar wayar lantarki, muka miƙar da silin jan ƙarfe biyu, muka sa a madadinsu. Daga ƙarshe muka tsarara baƙin fenti har ya zama kamar ruwan shayi, muka ɗiga a ramukan lagireto da lungunan kujera, ya gangara ya zauna, ya fito da su. Tayoyin ba mu sa musu ƙyalli ba ko kaɗan, tagullar ma mun rage mata haske, gama abu ƙarami in ya cika walƙiya sai ya koma abin wasan yara.

Motar tana nan a kan kabad na ɗakin karatu, da ma'auni a gefenta. 'Yan aji uku da za su fita koyarwa bayan hutu suna iya aronta don darasin ma'aunin taswira, in sun sa hannu a littafin ƙungiya. A ɗauke ta ta katakon da ta ke kai, ban da ta gilashi.