Waya ta cika, bidiyon biki ya ƙi buɗuwa: abin da ya kamata a duba kafin a adana

A Deule da ke gundumar Bouza, da ƙauyukan Keita da Madaoua a jihar Tahoua, da wuya ka shiga gidan da babu ɗan ci-rani. Wani yana Abidjan, wani Legas, wani Libiya ko Aljeriya. Wayar salula ce ke riƙe da zumunci tsakaninsu da gida: saƙon murya na tsohuwa, hoton jaririn da aka haifa uba ba ya nan, hoton takardar haihuwa da ake nema cikin gaggawa, da bidiyon ɗaurin aure. Duk waɗannan suna buƙatar wurin zama a cikin waya, kuma wurin yana ƙarewa.

Yawancin mutane ba sa lura har sai waya ta yi gargaɗin ta cika, sau da yawa a tsakiyar ɗaukar bidiyo. Minti ɗaya na bidiyo mai inganci na iya cin fiye da megabait 100. Wayar da aka rubuta mata gigabait 32 kuma ba ta ba mai ita duka 32 ɗin, domin Android da manhajojin da suka zo da ita sun riga sun ci kaso mai yawa.

Me ke faruwa idan wuri ya ƙare

Manhajar da aka tsara da kyau takan tambayi waya yawan wurin da ya rage kafin ta fara rubuta fayil, ta kwatanta da girman abin da za ta adana, ta gargaɗi mai waya idan ba zai isa ba. Android yana ba masu rubuta manhaja hanyar yin wannan tambaya, amma ba kowace manhaja ce ke yi ba. Wadda ba ta yi ba sai ta ci gaba da rubutu har wuri ya ƙare, ta bar fayil rabi.

Bidiyo ne ya fi shan wahala. A tsarin MP4, bayanin da ke nuna wa waya yadda za ta kunna bidiyo galibi a ƙarshen ɗauka ake rubuta shi. Idan ɗauka ta yanke kafin nan, fayil ɗin zai bayyana da suna da girma, amma ya ƙi buɗuwa. Biki kuwa ba a maimaita shi.

Katin da ke yi wa waya ƙarya

Mafitar da aka saba ita ce sayen katin memori a kasuwa, ko wurin masu cajin waya da tura waƙoƙi da fina-finai. A nan wata matsalar take. Akwai jabun kati da aka sauya wa bayani, ya nuna gigabait 64 alhali ainihin abin da yake ɗauka bai wuce 8 ba. Ko manhajar da ke duba wuri ba ta tsira ba, domin katin ne da kansa ke ba ta amsar ƙarya. Fayilolin farko za su zauna lafiya. Da zarar an wuce iyakar gaskiya, sababbi su lalace ko su danne tsofaffi, kuma sai bayan makonni mai waya ya gane.

Sai dai ba kowane giɓi ne alamar jabu ba. Kati mai kyau na gigabait 64 kan nuna kusan 59 a kwamfuta, saboda bambancin yadda kamfanoni da kwamfuta ke ƙirga bait. Gwajin gaskiya shi ne a cika katin a sake karantawa. Manhajojin H2testw da F3, waɗanda kyauta ne, aikinsu ke nan. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya cika sabon kati da fina-finai, sannan ya buɗe na farko da na ƙarshe kafin ya zuba masa abu mai muhimmanci.

Abin da za a yi kafin ranar biki

WhatsApp na daga cikin manhajojin da suka fi cika waya, musamman ga wanda ke cikin rukunonin 'yan gari. Tun 2020 manhajar tana da sashen kula da wuri, wanda a wayoyin da ke Faransanci ake samu a ƙarƙashin “Stockage et données”. Yana jera fayilolin da suka wuce megabait 5 da waɗanda aka yi ta turawa, a goge su lokaci ɗaya. A wannan sashe ne kuma ake kashe saukar bidiyo kai tsaye.

Ɗan ci-ranin da zai aiko wa gida waya ko kati ya gwada shi kafin ya ba direba, ya kuma saita WhatsApp ɗin, tunda iyaye da yawa ba sa karanta gargaɗin da ke fitowa da Faransanci ko Turanci. Takardu masu muhimmanci a ajiye su wuri biyu: wayar gida da wayar ɗan'uwa a waje. Wanda aka ɗora wa ɗaukar bidiyon biki ya duba wurin da ya rage tun daren jajibiri, ya goge abin da ba ya buƙata, ya yi ɗaukar gwaji ta minti ɗaya ya kunna ta ya gani.