Ruwan Tiga Ba Ya Hawa Tudu

Da niyyarmu a wannan fitowa mu yi muku bayani a kan ajiyar wake, sai wani abu ya faru a taron wata ƙungiyarmu wanda muka ga ya fi wannan gaggawa. Abin ya shafi bashi, ya shafi iri, ya kuma shafi yadda muke tsayawa a gaban Allah. Tun da yake mu malaman gona ne muka yi kuskuren, ya kamata a ji shi daga bakinmu.

Taron Ƙauyen Alu

Wanda bai san Kano ba, in ya ji an ce Ƙauyen Alu sai ya zaci zai tarar da rumbuna da turken shanu. Sunan ne kawai ya rage. Birni ya riga ya haɗiye wurin, yanzu unguwa ce a ƙaramar hukumar Tarauni, ba nisa da Unguwa Uku da Gyaɗi-Gyaɗi. Amma akwai 'yan'uwa da ke zaune a can, masu gadi da leburori da ma'aikatan asibiti, waɗanda har yanzu ba su saki fartanya ba. Gonakinsu suna gida, wajen Sumaila da Rano da Tudun Wada. In damina ta kama sai su shiga mota a tashar Unguwa Uku su je su yi shuka. Su ne suka haɗa ƙungiyar gama kai. Suna tara kuɗi wata-wata, a sayi iri da takin zamani a sari, a ba kowa bashi, ya biya da kaka.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da kuɗin taki suka hau, bashin ƙungiya ya zama abin da ake riƙewa da hannu biyu. Ana cikin wannan hali wani ɗan'uwa ya karɓi buhu biyu na taki da irin wake. Ya sayar da takin, iyalinsa suka dafa irin suka ci. Kaka ta zo, bai biya ko kwabo ba. Aka kira taro ran Lahadi bayan sujada, a zauren gidan ma'aji, don a cire sunansa daga littafi.

Aka ce mu buɗe taro da addu'a. Muka miƙe, muka gode wa Allah domin ya ba mu mambobi masu riƙon amana, masu biyan bashi a kan kari, masu jin maganar malaman gona, waɗanda ba sa sayar da kayan ƙungiya. Muka ja addu'ar da tsawo. Aka ce Amin da ƙarfi. Shi kuwa ɗan'uwan bai hau tabarma ba, ya tsuguna a bakin ƙofa wajen takalma. Da aka ce ya yi magana, sai ya ce, "Ba ni da ta cewa. Na ci amana. Allah ya ji ƙaina, ku ma ku gafarta mini."

Sai wata tsohuwa daga zumuntar mata ta gyara zama ta ce, "Malam, ɗana, ina da tambaya. Addu'ar nan da ka yi, wa ka yi wa?" Muka ce, "Iya, ai Allah muka yi wa." Ta ce, "To. Ni dai na ji kamar wancan na bakin ƙofa ake yaɓa wa magana, Allah kuwa shaida kawai aka kira shi." Zaure ya yi tsit. Ita ce kuma ta gaya wa taro cewa yaron mutumin ya yi makonni yana kwance a asibiti, kuɗin takin can suka tafi. Babu ko ɗaya daga cikinmu shugabanni da ya sani, domin babu wanda ya taka ya je gidansa ya tambaya.

Misalin da muka sani amma muka manta

Kowa a cikinmu ya san misalin da Yesu ya bayar cikin Luka 18:9-14, na Bafarisiye da mai karɓar haraji da suka shiga Haikali yin addu'a. Mun koyar da shi a makarantar Lahadi ba sau ɗaya ba. Amma akwai abin da muke yawan tsallakewa. Bafarisiyen nan ba ƙarya ya yi ba. Shari'ar Musa rana ɗaya ta wajabta azumi a shekara, shi kuwa sau biyu yake yi a mako. Yana fid da zakka daga dukan abin da ya samu. Ba ya ƙwace, ba ya zina. Da yana cikin ƙungiyarmu, shi za mu zaɓa ma'aji, ba kuwa za mu yi asara ba.

Mai karɓar harajin kuma ba mutumin kirki ba ne da aka yi wa ƙage. Romawa masu mulkin ƙasar yake yi wa aiki, irinsu kuma sun saba ɗora nasu a kan abin da aka yanka. Tsofaffinmu sun san zafin wannan, gama sai a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Ku tambaye su yadda gari yakan zama in masu karɓa sun sauka. Irin wannan mutum ne ya tsaya daga nesa, ya kasa ɗaga ido sama, ya roƙi jinƙai kawai. Shi ne kuwa Yesu ya ce ya koma gida karɓaɓɓe a wurin Allah.

Me ya raba su? Bafarisiyen ya zo da lissafi, bai zo da roƙo ba. Ya auna kansa da maƙwabcinsa, ya ga ya fi, sai ya kawo wa Allah sakamakon. Wanda bai roƙi kome ba kuwa, ba a ba shi kome ba. Luka ya gaya mana waɗanda aka yi misalin dominsu: masu dogara ga adalcin kansu, masu kuma raina sauran mutane. Waɗannan abu biyu tare suke tafiya kamar shanun huɗa a karkiya ɗaya. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hangi na wani.

Waɗanda suke noman rani a Kadawa da Kura sun san wani abu game da ruwa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwanta yana bin magudana ne yana gangarowa da kansa. Ba ya hawa tudu. Filin da ya fi magudana tsayi, ko ƙasarsa ta fi ta kowa kyau, haka zai zauna a bushe. Alherin Allah haka yake. Ba ya ƙarewa, amma wuri mai kwari yake nema.

Adalcin kai yakan makantar da malamin gona

Kada a zaci wannan magana ta cikin majami'a ce kaɗai. Mu da muka fito kwalejin horon malamai muka shiga aikin gona, mun zo da allo a kanmu: mu ne masu sani, manomi shi ne ɗalibi. Manomin kirki a wurinmu shi ne mai shuka iri ɗaya a layi, gona fes ba ko tsiro. Mai haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya kuwa muna ganinsa wanda bai waye ba. Waɗanda suka riga mu aikin nan sun yi wannan kuskure, an kuwa nuna musu.

A 1966 da 1967 wani masani, David Norman, da abokan aikinsa na Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello suka zauna da manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau, suna rubuta aikin da ake yi da amfanin da ake samu. Suka tarar ko da yake kowane iri yakan ragu kaɗan in an gauraya, amfanin gonar gaba ɗaya ya fi na shuka iri ɗaya daraja, in kuma ruwa ya yi gardama ba a tashi hannu wofi. Abin da ake kira jahilci, ashe dabara ce ta mai iyali.

Labari na biyu daga Maraɗi yake. A 1981 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo Jamhuriyar Nijar a ƙarƙashin SIM, mishan ɗin da ikkilisiyar ECWA ta fito daga aikinta. Aikinsa dashen itatuwa ne don a tare hamada. Ya raini dashe, ya kai ƙauyuka, ya shuka, amma yawancinsu suka mutu saboda rana da iska da awaki. Wata rana a 1983, yana ɗauke da dashe a mota, ya tsaya ya rage iskar taya don ya ratsa yashi. Ya dubi ƙasa ta ko'ina a tsiraice, ya ga ƙarfinsa da iliminsa sun ƙare. Kamar yadda shi da kansa yakan ba da labari, addu'ar da ya yi ta neman gafara ce saboda yadda mutane muka ɓata kyautar Allah, da roƙon a buɗe masa ido. Bai lissafa wa Allah dashen da ya yi ba.

Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro da ya sha wucewa yana ɗauka ciyawa ce. Ya je ya duba ganyen, ya ga ashe itace ne, kututturen da aka sare yake tohowa, saiwarsa tana nan da rai a ƙasa. Irinsa kuwa ba iyaka a gonaki, kowace bazara ana sassabe su ana ƙonewa. Daga nan aka fara abin da mutanen Maraɗi suka sa wa suna sassabin zamani: a zaɓi toho mai ƙarfi a bari, a rage sauran, a kiyaye shi ya girma. Da fari an yi wa waɗanda suka gwada dariya, ana cewa gonarsu ta ƙazantu. Bayan shekara ashirin da 'yan kai masu bincike suka kimanta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar, manoma da kansu suka yi, wannan yana koya wa wancan. Itatuwan suna nan tun farko a ƙarƙashin ƙafarsa. Sai da ya daina ganin kansa mai ceton ƙasa ya gan su.

Ba cewa muke a raina ilimi ba. Ga cibiyar IITA nan kusa da mu a Tarauni, masana suna aiki a kan irin wake, muna kuwa amfana. Abin da muke faɗa shi ne, zuciyar da ke zuwa gaban Allah da fahariya ita ce ke zuwa gonar talaka da raini, duka biyu kuma hannu wofi take komawa. Girman kai rawanin tsiya.

Abin da ƙungiya ta yanke

Ba a cire sunan ɗan'uwan nan ba. Ba a kuma yafe bashin ba, shi ma bai nemi haka ba. Tawali'u ba ya nufin a yaga littafin ma'aji, gama kuɗin na gwauraye ne da masu gadi da suka tara da guminsu. Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, da ya tuba ai mayarwa ya yi (Luka 19:1-10). Aka shirya ɗan'uwan zai biya da hatsi cikin kaka biyu. Aka tara baiko dabam domin jinyar yaron. Mu kuma muka nemi gafararsa a gaban taro saboda addu'ar da muka mai da sanda. Ya fi mu jin kunya, amma dole ne a yi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ga abin da muke roƙon kowace ƙungiya ta tattauna a taronta na gaba:

1. Kafin a kawo maganar mai bashi gaban taro, mutum biyu su je gidansa su ji abin da ya faru. Matiyu 18:15-17 ya nuna mana a fara a keɓe.

2. Mai buɗe taro da addu'a ya yi magana da Allah, kada ya yi habaici. In zai ambaci zunubi, ya fara da nasa.

3. A ware ɗan abu daga kuɗin wata-wata domin ciwo da rasuwa, don kada ɗan'uwa ya kai ga sayar da taki ko cin iri.

4. In malamin gona ya zo, ku sa shi ya zaga gonar tsofaffi ya yi tambaya kafin ya fara koyarwa. Ku nuna masa gawo da kalgo da sabara da kuka bari, ku gaya masa dalili.

5. Mu lura da yadda muke maganar maƙwabtanmu Musulmi da waɗanda ba su shiga ƙungiya ba. Wanda ya ce "mu ba kamarsu ba ne" ya riga ya tsaya inda Bafarisiyen ya tsaya.

Gargaɗi ɗaya ya rage. Mai yiwuwa wani ya karanta wannan ya ce a ransa, "Madalla, ni ba kamar malaman nan masu girman kai nake ba." To, ɗan'uwa, ka faɗa ramin ta ɗaya bakin. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Mu ma da muke rubutu, sai mun yi tsaro kada mu yi taƙama da tubanmu. Babu wanda yake zuwa gaban Allah da rasit. Mai biya a kan kari da wanda ya ci iri, dukanmu ta wurin jinƙai muke shiga, saboda abin da Almasihu ya yi a kan gicciye.

Mu yi addu'a: Ya Ubangiji, kai ne mai ba da ruwa da iri da ƙarfin noma. Ba mu da abin da ba kai ka ba mu ba. Ka gafarta mana raina 'yan'uwanmu. Ka sauko da zukatanmu inda alherinka zai same su. Cikin sunan Yesu, Amin.

A fitowa ta gaba, in Ubangiji ya yarda, za mu kawo bayanin ajiyar wake.