Karen 'Yan Sanda da Mai Riƙe da Shi

Jama'a, mafarautanmu sun daɗe da sanin aikin hancin kare, malamai kuma sun san hukuncin horarren kare a aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida, inda aka halatta naman da ya kamo wa ubangidansa. Turawa kuwa sai suka juya wannan baiwa ga farautar masu laifi. A birnin Gent na ƙasar Beljiyam aka fara tsara aikin karnukan 'yan sanda cikin 1899. A Ingila kuma aka sa su gadin tashar jiragen ruwa ta Hul cikin 1908.

Masana sun ce ƙwayoyin jin wari a hancin kare suna kai miliyan 300, na ɗan Adam kuwa kamar miliyan 6 ne. Da wannan yake bin sawun ɓarawo, ya tono nakiya ko miyagun ƙwayoyi, ya nemo yaron da ya ɓace.

To, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A Ingila, in kare ya shekara guda ko da 'yan watanni, sai a haɗa shi da ɗan sanda ɗaya, su yi kamar mako 13 ana horonsu tare. Biyayya ce farkon karatu, watau ya zauna, ya tsaya, ya saki abin da ya cafke da zarar an ce ya saki. Sa'an nan a shiga bin sawu. In ya yi daidai ladarsa ƙwallo ce da yabo. A gidan ɗan sandan nan yake kwana har ƙarfinsa ya ja baya.

Amma shaƙuwar nan tana da haɗarinta, domin kare yana karanta zuciyar ubangidansa. Cikin 2011 Jami'ar Kalifoniya ta Amurka ta bayyana wata jarrabawa da aka yi wa karnuka 18 da masu riƙe da su. Aka gaya wa mutanen an ɓoye kaya, alhali ba a ɓoye nakiya ko miyagun ƙwayoyi ba. Duk da haka sau fiye da 200 aka ce kare ya nuna wuri, musamman inda mai riƙon yake zato.

Saboda haka horon mutumin ya fi na karen wuya. Nunin kare dalilin bincike ne, ba ya isa hujjar ɗaure bawan Allah sai an sami shaida. Allah ya kiyashe mu da zaluntar marar laifi. Wassalam.