Kulob ko ƙasa: Ina aka fi buga ƙwallo mai inganci a zamanin da?

A duk lokacin da aka dakatar da gasannin Turai domin 'yan wasa su tafi buga wa ƙasashensu, ƙorafi ɗaya ake ji a gidajen kallon ƙwallo, wato an raba mutane da wasa mai armashi an bar su da mai sanyi. A wurin matashin da ya buɗe ido ya tarar da gasar Firimiya da Kofin Zakarun Turai, fifikon kulob a kan tawagar ƙasa magana ce da ba ta buƙatar hujja. Su kuwa dattawan da suka tashi da labarin Birazil ta 1970 da Holan ta 1974 sun tsaya kai da fata cewa a zamaninsu Kofin Duniya ne ma'aunin gwaninta, kuma duk wanda bai haska a can ba, da sauransa.

Wannan muhawara ta wuce hirar majalisa, domin da ita ake yanke wa manyan 'yan wasa hukunci. Idan ƙwallon kulob na da bai kai ya kawo ba, to ƙwallayen da Pele ya ci wa Santos sun rage daraja. Idan kuma Kofin Duniya ne kaɗai abin dubawa, to Alfredo Di Stefano da George Best, waɗanda ba su taɓa buga ko wasa ɗaya a gasar ba, sun fita daga sahun gwanaye. Abin da tarihi ya nuna shi ne, a wancan zamani ɓangarorin biyu a sarƙe suke: manyan tawagogin ƙasa a kan kulob ɗaya ko biyu aka gina su, aka cike gurbin da ya rage da zakarun sauran ƙungiyoyi. Daga baya ne doka da kuɗi suka raba wannan aure.

Lokacin da kowa ke wasa a gida

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, kulob ɗin shekarun 1960 da 1970 ɗan gida ne. Celtic da ta doke Inter Milan da ci 2-1 a birnin Lisbon ta ɗauki Kofin Turai a 1967, dukkan 'yan wasanta goma sha ɗaya an haife su ne a birnin Glasgow ko garuruwan da ke kewaye da shi. Pele ya buga wa Santos tun daga 1956 har zuwa 1974, bai taɓa sanya rigar wani kulob na Turai ba. Tawagar Birazil da ta ci Kofin Duniya a Meziko a 1970, dukkan 'yan wasanta 22 a gida suke taka leda: Pele da Carlos Alberto da Clodoaldo a Santos, Jairzinho a Botafogo, Tostao a Cruzeiro, Gerson a Sao Paulo, Rivelino kuma a Corinthians.

Dokoki ne suka tabbatar da hakan. Bayan Koriya ta Arewa ta kunyata Italiya da ci ɗaya mai ban haushi a Kofin Duniya na 1966, hukumomin Italiya sun rufe ƙofar ɗauko baƙin 'yan wasa, ba su sake buɗe ta ba sai a 1980. Sifaniya ta yi irin wannan tsakanin 1962 da 1973, shekarar da Johan Cruyff ya koma Barcelona. A Ingila ma sai a 1978 ƙofa ta buɗe sosai, lokacin da Tottenham ta ɗauko Osvaldo Ardiles da Ricardo Villa daga Ajantina. Ƙasashen gabashin Turai kuwa ba sa barin gwanayensu su fita waje sai shekaru sun ja.

A irin wannan yanayi, babu kulob ɗin da zai iya tara gwanayen duniya wuri guda, hasali ma da wuya ya tara dukkan gwanayen ƙasarsa. Tawagar ƙasa ce kaɗai ke da ikon haɗa Pele da Tostao da Jairzinho da Gerson da Rivelino a fili ɗaya. Saboda haka wanda ya ce Birazil ta 1970 ta fi kowane kulob na zamaninta tarin gwanaye, bai yi ƙarya ba. Ga kuma lokaci: ta shafe watanni tana atisaye tare kafin gasar, ta ci dukkan wasanninta shida, ta rufe da lallasa Italiya da ci 4-1.

Kulob ne ginshiƙi

Sai dai idan aka duba tawagogin da ake yi wa kirari, za a tarar da kulob a ƙarƙashin kowacce. Hangari da ta je filin Wembley ta casa Ingila da ci 6-3 a watan Nuwamban 1953, ta kuma ƙara mata 7-1 a Budapest bayan wata shida, ƙashin bayanta kulob ɗin sojoji ne na Honved, inda Ferenc Puskas da Sandor Kocsis da Jozsef Bozsik da Zoltan Czibor da mai tsaron raga Gyula Grosics ke wasa tare kowane mako. Holan ta 1974 ta tsaya ne a kan Feyenoord, wadda ta ci Kofin Turai a 1970, da Ajax, wadda ta ci sau uku a jere daga 1971 zuwa 1973, kuma kocinta Rinus Michels shi ne ya gina Ajax ɗin. Jamus ta Yamma da ta doke ta a wasan ƙarshe ta shiga fili da 'yan Bayern Munich shida, ciki har da Franz Beckenbauer da Gerd Muller da Sepp Maier, kuma Bayern ɗin ce ta riƙe Kofin Turai daga 1974 zuwa 1976. Haka nan Italiya ta 1982 ta fara wasan ƙarshe da 'yan Juventus shida, daga Dino Zoff a raga har Paolo Rossi a gaba.

Dalilin a fili yake. Kocin kulob yana tare da 'yan wasansa kusan kullum tsawon kakar wasa, kocin ƙasa kuwa aro ake ba shi na 'yan kwanaki. Shi ya sa sababbin dabaru a kulob ake ƙirƙirar su. Salon kulle baya da kai harin ba-zata a Inter ta Helenio Herrera ya nuna, har ta ci Kofin Turai a 1964 da 1965. Salon da kowane ɗan wasa ke iya shiga gurbin ɗan'uwansa, a matsa wa abokan karawa lamba tun daga gidansu, a Ajax aka ƙera shi kafin duniya ta gan shi a rigar Holan. Kofin Duniya shi ne kasuwar da ake baje hajar, amma a maƙerar kulob aka sarrafa ta.

Akwai kuma ƙungiyoyin da suka fi ƙasashensu ƙarfi tun a wancan lokaci. Real Madrid da ta lashe Kofin Turai biyar na farko daga 1956 zuwa 1960 ta haɗa Di Stefano haifaffen Ajantina da Puskas na Hangari da Raymond Kopa na Faransa da Jose Santamaria na Uruguwai da Francisco Gento ɗan gida. A wasan ƙarshe na 1960 ta ragargaji Eintracht Frankfurt da ci 7-3 a Glasgow, inda Puskas ya zura huɗu, Di Stefano uku. A daidai wannan zamani, Sifaniya ko gurbin Kofin Duniya na 1958 ba ta samu ba, a 1962 kuma tun a zagayen rukuni aka yi waje da ita. Santos ma ta nuna cewa ƙwallon kulob na Kudancin Amurka ba kanwar lasa ba ne, sa'ad da ta je Lisbon a 1962 ta lallasa Benfica, zakarar Turai, da ci 5-2, Pele ya ci uku.

Raunin kowane ɓangare

Adalci ya buƙaci a faɗi inda kowace gasa ta gaza. Tsohon Kofin Turai zakaran kowace ƙasa kaɗai yake karɓa, sai mai riƙe da kofin, kuma sili-ɗaya-ƙwale ake yi tun daga farko. Wasanni bakwai kacal Real Madrid ta buga ta ɗauki kofin farko. Ƙungiyar da ta zo ta biyu a Italiya ko Ingila, komai ƙarfinta, tana gida tana kallo, yayin da zakarun ƙananan ƙasashe ke shan ruwan ƙwallaye a zagayen farko. Gefe guda kuma, wannan tsari ne ya ba Nottingham Forest damar cin kofin a 1979 da 1980, da Steaua Bucharest a 1986, da Red Star Belgrade a 1991.

Kofin Duniya ma yana da nasa giɓin. Ƙasashe 16 kaɗai ke zuwa har 1978, amma duk da haka an ga Yugosilabiya ta yi wa Zayar 9-0 a 1974, Hangari kuma ta yi wa El Salvador 10-1 a 1982 bayan an ƙara yawan ƙasashe zuwa 24. Babban rauninsa shi ne ɗan wasa ba ya zaɓar inda za a haife shi. George Best ya ci Kofin Turai da Manchester United, ya kuma zama gwarzon Turai a 1968, amma Ailan ta Arewa ba ta kai gasar ba a zamaninsa. George Weah na Laberiya, wanda ya lashe kyautar Ballon d'Or a 1995, shi ma haka ya gama wasa bai leƙa ta ba.

Hukuncin da ya sauya komai

Har tsakiyar shekarun 1990 hukumar UEFA na taƙaita yawan baƙin da kulob zai saka a gasanninta. Wannan doka ce ta tilasta wa Alex Ferguson ajiye mai tsaron ragarsa Peter Schmeichel a wasan Manchester United da Barcelona a watan Nuwamban 1994, aka kuwa ɗura musu huɗu da nema. Ranar 15 ga Disamban 1995 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarar da ɗan wasan Beljiyam Jean-Marc Bosman ya shigar. Ta ce duk ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana da 'yancin komawa wani kulob a wata ƙasar tarayyar ba tare da an biya kuɗin sayensa ba, kuma ba za a ƙidaya 'yan ƙasashen tarayyar a matsayin baƙi ba.

Hukuncin ya zo daidai da bunƙasar kuɗin talabijin da faɗaɗa Kofin Zakarun Turai, wanda ya fara karɓar na biyu daga manyan ƙasashe a 1997, sannan har ƙungiyoyi huɗu daga 1999. Sakamakon bai ɗauki lokaci ba. Ranar 26 ga Disamban 1999 Chelsea ta fito karawa da Southampton babu ɗan Birtaniya ko ɗaya a cikin goma sha ɗayanta. A 2010 Inter ta fara wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai babu ɗan Italiya. Yanzu kulob mai kuɗi yana da abu biyu a hannu, gwanaye daga kowace nahiya da kuma lokacin horar da su kullum. Ƙasa kuwa ta koma tattaro 'ya'yanta daga uwa duniya: tawagar Ajantina da ta ci kofi a Ƙatar a 2022, mutum ɗaya ne kawai a cikinta ke wasa a gida, wato mai tsaron raga Franco Armani na River Plate.

Duk da haka tsohuwar dabara ba ta mutu ba. Sifaniya ta fara wasan ƙarshe na 2010 da mutum shida da suka buga wa Barcelona kakar da ta gabata, Jamus ma a 2014 da 'yan Bayern shida ta fara, na bakwai, Mario Gotze, ya shigo daga benci ya ci ƙwallon nasara.

Darasin da ke ciki ga Afirka

Nahiyar Afirka ta bi ta wannan hanya. Green Eagles da ta doke Aljeriya da ci 3-0 a Legas ta ɗauki Kofin Afirka a 1980, a kan ƙungiyoyin gida ta tsaya, musamman IICC Shooting Stars ta Ibadan, wadda ta ci kofin zakarun kofuna na Afirka a 1976, da Rangers ta Enugu da ta ci shi a 1977. Kyaftin Christian Chukwu ɗan Rangers ne, Segun Odegbami da Muda Lawal da suka ci ƙwallayen uku kuma 'yan IICC ne. Kamaru da ta tashi canjaras a dukkan wasanninta uku a Kofin Duniya na 1982 ta ci gajiyar Canon Yaounde, zakarar Afirka a 1971 da 1978 da 1980. Zuwa 1994, mafi yawan 'yan Super Eagles sun riga sun ƙetare. Masar da ta riƙe nata a Al Ahly da Zamalek da Ismaily ita ce ta ɗauki Kofin Afirka sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010.

Saboda haka mai son auna gwanayen da sai ya lura da zamanin da suka yi wasa. Kafin 1995, wasan ƙarshe na Kofin Duniya yakan tara gwanaye fiye da kowane wasan kulob, amma tsari da fahimtar junan da ake sha'awa a cikinsa daga Honved da Santos da Ajax da Bayern aka ɗebo su. Wanda ya rena waɗancan ƙungiyoyi ya rena tushen tawagogin da yake yi wa kirari. Ƙasar da gasar cikin gidanta ta yi rauni kuwa, dole kocinta ya haɗa 'yan wasan da ba su saba da juna ba cikin 'yan kwanaki, kuma wannan shi ne aikin da ke jiran duk wanda aka damƙa wa Super Eagles a yau.